Idan Ƙasa Ta Girgiza a Ƙarƙashin Rumbun Nukiliya

 Da asubahin ranar Litinin, 6 ga watan Fabrairun 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, bayan kimanin sa'a 9 kuma wata mai maki 7.5 ta biyo baya. Mutum sama da 50,000 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Cikin lardunan da abin ya taɓa har da Adana, kuma a gefen birnin Adana ne sansanin sojin sama na Injirlik yake, inda masana harkar makamai suka daɗe suna ƙiyasta cewa Amurka na ajiye da bama-baman nukiliya tsakanin 20 zuwa 50, a wasu ma'ajiyai da aka gina a ƙarƙashin rumfunan jirage. Ba a ba da rahoton wata ɓarna ga makaman ba, sansanin ma ya zama zangon sauke kayan agaji. Sai dai Amurka ba ta taɓa tabbatar da cewa makaman na wurin ba, ba ta kuma taɓa musantawa ba, don haka babu wani ɗan waje da ya isa ya shiga ya duba. Kan wannan nake so mu tsaya yau. Ra'ayina shi ne, haɗarin da girgizar ƙasa ke jawowa ga wuraren makaman nukiliya na gaske ne, ana iya rage shi matuƙa, amma sirrin soja ya hana a auna shi a bainar jama'a, kuma muddin ba a auna abu ba, ba a gyara shi.

Mu fara kawar da tsoron da ba shi da tushe. Bam na nukiliya ba ya tashi don an girgiza shi ko don ya faɗi. A tsakiyarsa akwai curin sinadarin fulutoniyom da aka kewaye da nakiyoyi, kuma sai nakiyoyin nan sun tashi gaba ɗaya a lokaci guda, sun matse curin daga kowane ɓangare, kafin a samu fashewa irin ta Nagasaki. Idan gefe ɗaya ne ya tashi, curin tarwatsewa kawai zai yi. A 1980, kusa da garin Damaskus na jihar Akansas a Amurka, ramin makami mai linzami samfurin Titan II ya fashe bayan wani ƙarfen aiki ya suɓuce ya huda tankin mai. Kan makamin ya yi tsalle ya faɗi a waje, bai tashi ba. Amma tarwatsewar ma masifa ce mai zaman kanta. A watan Janairun 1966 jirgin yaƙin Amurka ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sararin ƙauyen Palomares na Sifen, bama-bamai huɗu suka faɗo, nakiyoyin biyu daga ciki suka tashi, ƙurar fulutoniyom ta bazu a gonakin mutane. Amurka ta kwashe ƙasar wurin a durom-durom zuwa gida, duk da haka har yau akwai filayen da ke killace da waya. Fulutoniyom na ɗaukar shekara kusan 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma ɗan abin da mutum ya shaƙa yana iya zama a huhu ya haifar da sankara. Don haka idan ana maganar girgizar ƙasa, gobara da ƙura da gurɓataccen ruwa su ne abin tsoro.

Domin gane yadda girgiza ke yin ɓarnarta, babu misalin da ya kai na Fukushima, ko da yake tashar lantarki ce ta farar hula, kuma saboda haka ne ma muka san labarinta dalla-dalla. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgiza mai maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, gabas da Japan. Tukwanen nukiliya uku da ke aiki suka kashe kansu nan take, kamar yadda aka tsara. To amma makamashin nukiliya da aka yi aiki da shi ba ya hucewa don an kashe tukunya. Kamar garwashin da ke ci a ƙarƙashin toka yake, yana ci gaba da fitar da zafi shekara da shekaru, kuma dole ruwa ya riƙa zagaya shi dare da rana. Girgizar ta katse layukan wutar da ke shigowa tashar, sai janaretoci suka ɗauka. Ba a cika sa'a guda ba, igiyar ruwa mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta iso, alhali an shirya wa tashar abin da bai wuce mita 5.7 ba. Ruwa ya shanye janaretocin da ke ɗakunan ƙasa, famfuna suka tsaya, tukwane uku suka narke, iskar haidurojin ta fasa gine-gine, aka kwashe mutum sama da 150,000 daga gidajensu. Abin lura a nan shi ne kowane matakin kariya an gina shi ne bisa zaton cewa na kusa da shi zai tsaya. Idan wuta ta ɗauke akwai janareta, idan janareta ya mutu akwai batir, idan batir ya ƙare motocin agaji za su zo. Girgizar ƙasa kuwa ba ta bin layi. A sa'a guda take karya turakun wuta, ta fasa bututun ruwa, ta tsaga hanya, ta kashe waya, ta kuma bar ma'aikaci yana aiki cikin duhu bai san halin da iyalinsa ke ciki ba.

Akwai darasi na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Sau da yawa girgizar da ta zo takan fi wadda injiniyoyi suka yi lissafi a kanta, kuma sau da yawa akwai wanda ya yi gargaɗi aka share. A watan Yulin 2007 girgiza mai maki 6.6 ta jijjiga tashar Kashiwazaki-Kariwa, mai tukwane 7, fiye da abin da aka gina ta don jurewa. Taransifoma ta kama da wuta, duroman shara suka kife, ɗan gurɓataccen ruwa ya malala teku. Shekara guda bayan haka, a 2008, wani binciken cikin gida na kamfanin TEPCO mai tashar Fukushima ya nuna cewa igiyar ruwa mai mita 15.7 na iya isowa, amma ba a ɗaga katanga ba, ba a hau da janaretoci sama ba. Kwamitin binciken da majalisar dokokin Japan ta kafa ya yanke hukunci a 2012 cewa sakacin mutane ne ya jawo bala'in. A gefe guda kuma ga tashar Onagawa, wadda ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar. Tun lokacin gini aka dage aka ɗora ta a kan tudu mai tsayin kusan mita 15, saboda masu ginin sun ɗauki tarihin ambaliyar yankin da muhimmanci. Ta tsira, har mutanen gari da ruwa ya cinye gidajensu suka fake a harabarta. Girgizar ƙasa ikon Allah ce, babu mai hana ta. Amma inda za a aza harsashi, da tsayin katanga, da ɗakin da za a ajiye janareta, duk zaɓin ɗan Adam ne, kuma a kansu za a tambaye shi.

Yanzu mu shiga harabar soja. A Los Alamos da ke jihar Niyu Meziko, inda aka ƙera bam na farko a 1945, akwai ginin da ake kira PF-4, wanda aka fara aiki da shi a 1978, kuma a cikinsa ake sarrafa fulutoniyom ana ƙera curin bama-bamai. Wurin na zaune kusa da tsagar ƙasa ta Fajarito. Da aka sake nazarin ƙasar yankin a 2007, sai aka gano cewa girgizar da za ta iya aukuwa ta fi wadda aka yi zato lokacin gini. A 2009 hukumar da majalisar dokokin Amurka ta kafa don sa ido kan lafiyar wuraren nukiliya na soja ta rubuta cewa idan girgiza ta zo, gobara ta biyo baya, tiririn nukiliyar da zai iya kaiwa ga mutumin da ke bakin shingen wurin zai zarce ma'aunin gwamnati fiye da ninki 100. Dalili kuwa a fili yake: ɓarɓashin fulutoniyom na iya kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska, ana sarrafa shi ne a cikin akwatunan da aka toshe, kuma girgiza na iya kayar da akwatunan, ta fasa bututun kashe gobara, ta tsayar da na'urorin tace iska. Bayan wannan gargaɗi an ƙarfafa rufi da ginshiƙai, an ɗaure akwatunan. Duk da haka a wannan tsohon gini ne Amurka ke shirin ƙera curi 30 a kowace shekara.

Sharar da ƙera makamai ta bari ta fi makaman kansu yawa nesa ba kusa ba, ta kuma fi su rauni. A Hanfod da ke jihar Washinton, inda aka samar da fulutoniyom ɗin bam ɗin Nagasaki, akwai tankuna 177 a binne a ƙasa, ɗauke da sama da lita miliyan 200 na shara mai guba. Guda 149 daga ciki masu bango ɗaya ne, an gina su tsakanin shekarun 1940 da 1960, kuma fiye da 60 ana zargin sun riga sun yi yoyo, ga Kogin Kolombiya na gudana a kusa. A watan Mayun 2017 rufin wani rami da aka ajiye gurɓatattun kayan aiki a cikinsa ya burma da kansa, ba girgiza ba komai, tsufa kawai. Ginin da ke burmawa da kansa, me ake zaton zai yi idan ƙasa ta motsa? Kuma mun san abin da tankin shara ke yi idan sanyaya shi ta tsaya. A watan Satumban 1957, a masana'antar Mayak ta Tarayyar Sobiyet, na'urar sanyaya wani tanki ta lalace, tankin ya bushe ya fashe, guba ta bi iska ɗaruruwan kilomita, aka tashi mutum kusan 10,000 daga ƙauyukansu. Gwamnatin Sobiyet ba ta amsa cewa abin ya faru ba sai a 1989.

Mai sauraro zai lura cewa Amurka na fi ambata da alƙaluma. Hakan ba don wurarenta sun fi na kowa lalacewa ba ne. Dalilin shi ne tana da hukumar da ke dubawa ta kuma wallafa abin da ta gani. Ƙasashe 9 ne ke da makaman nukiliya, jimillarsu kimanin 12,000, kuma da dama daga cikin ƙasashen na zaune a yankunan da ƙasa ke yawan motsi. Girgizar lardin Sichuwan ta ranar 12 ga Mayun 2008, mai maki 7.9, wadda ta kashe kusan mutum 70,000, ta faɗa yankin birnin Miyanyang, inda babbar cibiyar binciken makaman nukiliya ta Sin take. Girgizar Kashmir ta ranar 8 ga Oktoban 2005, mai maki 7.6, ta auku kimanin kilomita 100 daga Islamabad, kuma masana'antar tace yuraniyom ta Kahuta na nan kusa da birnin. Tukunyar Dimona ta Isra'ila, wadda ke aiki tun farkon shekarun 1960, ba ta da nisa da tsagar Tekun Gishiri. A Sin da Pakistan hukumomi sun ce komai lafiya, mai yiwuwa kuma gaskiya suka faɗa. Amma wanda ake tuhuma shi ne ya ba da shaida, shi ne kuma ya yanke hukunci. Yarjejeniyar kare lafiyar nukiliya ta 1994, wadda ke sa ƙasashe su riƙa duba rahoton juna, tashoshin lantarki na farar hula kawai ta shafa. Yarjejeniyar 1997 kan shara ta ware sharar soja, sai idan ƙasa ta ga dama ta shigar da ita. Bayan Fukushima Tarayyar Turai ta sa an sake gwada juriyar tashoshin lantarkinta, maƙwabta suka duba sakamakon juna, amma gwajin bai leƙa rumbun soja ba. Wato wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne wurin da doka ta fi ɗaga wa ƙafa.

Sichuwan ta koya mana wani abu kuma, wanda ba a cika maganarsa ba. Kwanaki bayan girgizar, ma'aikatar muhalli ta Sin ta sanar cewa an gano ƙananan ma'ajin sinadarai masu tiriri guda 50 da abin ya rutsa da su, an kwaso 35, sauran 15 na ƙarƙashin baraguzai ko a gine-ginen da ba a iya shiga ba tukuna. Irin waɗannan a asibitoci da masana'antu ake aiki da su, wajen gasa ciwon daji, ko auna kaurin ƙarfe, ko duba walda. Wasu ba su wuce girman yatsa ba. Ɓarnar da guda ɗaya ke iya yi an gan ta a birnin Goyaniya na Barazil a 1987, lokacin da masu tsintar ƙarfe suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka yi watsi da shi, aka fasa ta, aka ga gari mai sheƙi shuɗi, aka yi ta rabawa 'yan'uwa da abokai suna sha'awa. Siziyom-137 ne. Mutum 4 suka mutu, aka samu kusan 250 da gubar a jikinsu, aka auna sama da 100,000, aka rushe gidaje. Bayan kowace babbar girgiza, motocin kwasar baraguzai da masu neman ƙarfe ne ke fara shiga kangaye, ba kuma wanda ke riƙe da na'urar awo a cikinsu.

Wani lokaci kuma ƙasar ce da kanta aka raunana. A garin Mailu-Su na Kirgistan an haƙi yuraniyom daga 1946 zuwa 1968 don shirin makaman Sobiyet, aka bar tafkunan tarkace 23 a bakin kogi, a kwarin da girgiza da zaftarewar ƙasa ba baƙi ba ne. A 1958 bangon ɗaya daga ciki ya ɓalle, tarkace mai yawa ya bi ruwa. Kogin nan yana gangarawa Kwarin Fargana, inda miliyoyin manoma na Uzbekistan da maƙwabtanta ke ban ruwa. Daular da ta haƙa ramin ta rushe tun 1991, talakawan kwarin aka bar wa gadon. A Koriya ta Arewa kuwa, gwaji na 6 da aka yi a ƙarƙashin Dutsen Mantap ranar 3 ga Satumban 2017 ya girgiza ƙasa da ƙarfin maki 6.3, bayan kimanin minti 8 aka ji wata ƙaramar girgiza da masana suka danganta da ruftawar cikin dutsen, kuma yankin ya ci gaba da samun ƙananan girgiza daga baya.

To, akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko za su ce shekara kusan 80 ke nan da fara ƙera makaman nan, ba a taɓa jin girgizar ƙasa ta tarwatsa rumbun bam ba, don haka tsarin na aiki. Na yarda injiniyoyin sun yi ƙoƙari, kuma ma'ajiyar da aka binne a ƙasa takan fi dogon bene jure girgiza. Amma shekara 80 ɗan lokaci ne a lissafin duwatsu. Akwai tsagar da ke kwanciya shekara 1,000 kafin ta motsa. Ambaliyar da ta yi kama da ta 2011 a gabar Japan ta auku ne tun shekara ta 869. Sannan kowane maki ɗaya da aka ƙara a ma'aunin girgiza na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, don haka ginin da ya jure maki 6 bai ba da tabbacin komai ba game da maki 7. Kuma kalmar "ba a taɓa ji ba" tana da rauni a harkar da aka saba ɓoyewa. Mayak an ɓoye ta shekara 32. Gobarar fulutoniyom ta 1957 a masana'antar Roki Filats kusa da Denba, jama'a ba su san girmanta ba sai bayan wata gobarar a 1969, da masana masu zaman kansu suka auna ƙasar da ke wajen shinge. Hatta hatsarin tashar nukiliya ta Chanobil a 1986, na'urorin wata tasha a Suwidin ne suka fara tona asiri kafin Mosko ta buɗe baki.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce a Japan ruwa ne ya kashe mutum kusan 18,000, tiririn nukiliya kuwa bai kashe kowa nan take ba, kwashe tsofaffi da marasa lafiya cikin gaggawa ma ya fi shi kisa; don haka kuɗin da za a zuba a rumbunan nukiliya gara a gina makarantu da gidaje masu ƙwari. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya kambama tsoron tiriri fiye da kima yana cutar da mutane. Amma ɓarnar iri biyu ce. Garin da girgiza ta rushe ana share shi a sake gina shi. Garin da siziyom ya sauka a kansa sai an jira, domin shekara 30 yake ɗauka kafin rabinsa ya tafi, kuma akwai sassan Fukushima da har yanzu ba a koma ba, aikin kwance tashar kuwa an ƙiyasta zai ci shekara 30 zuwa 40. Manomi da masunci sun rasa kasuwa ko da kayansu lafiyayyu ne. Sannan gubar na zuwa ne a ranar da asibitoci suka cika, hanyoyi suka yanke, masu ceto ke neman shiga inda yanzu aka hana shiga. Ƙasashen da ke kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen sabunta makamai ba za su ce mana kuɗin ƙarfafa rufi ne ya gagare su ba.

Hujja ta uku ita ce tsaro: idan aka buɗe rumbun soja ga masu bincike, an nuna wa maƙiyi da ɗan ta'adda ƙofa. Ai ba wanda ya ce a wallafa zanen bam ko jadawalin masu gadi. Tambayoyin na injiniyan gini ne: wace tsaga ce ke kusa, girgiza mai wane ƙarfi aka yi lissafi a kanta, yaushe aka sabunta lissafin, kwana nawa wurin zai iya sanyaya kansa babu wutar waje, wa za a sanar idan abu ya fita. Hukumar sa idon Amurka tana yin irin waɗannan tambayoyi tun da aka kafa ta a 1988, tana wallafa wasiƙunta, kuma babu sirrin bam da ya fita ta wannan hanya. Magungunan ma sanannu ne. A watan Agustan 2011 girgiza mai maki 5.8 ta jijjiga tashar Nos Ana a jihar Bajiniya, manyan randunan ƙarfe na busasshiyar ajiyar sharar nukiliya, kowace sama da tan 100, suka gusa da 'yan santimitoci, ba abin da ya fita, domin iska ce ke sanyaya su, ba su jiran famfo ko janareta. Cibiyar binciken nukiliya ta Libamo a Kalifoniya, wadda wata girgiza ta yi wa ɓarna a 1980, an kammala kwashe mafi yawan fulutoniyom ɗinta a 2012. Abin da ya rage shi ne niyya, niyya kuwa ba ta zuwa sai an matsa.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, ba mu da bam, ƙasarmu kuma ba ta cika girgiza ba. Gaskiya ne Afirka ta Yamma na zaune a kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, ko da yake Akara ta ga mummunar girgiza a 1939, an kuma ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Amma iska ba ta neman biza. Faransa ta fara gwajin bam a Reggan cikin Saharar Aljeriya a 1960, abin da ya sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da ita a watan Janairun 1961. A ranar 1 ga Mayun 1962 kuma dutsen da aka yi gwaji a cikinsa a In Ekker ya kasa riƙe fashewar, hayaƙin guba ya fito ya lulluɓe sojoji har da ministocin Faransa biyu. A Arlit ta Nijar, ma'adinin Cominak ya rufe a 2021 ya bar kimanin tan miliyan 20 na tarkacen yuraniyom. Can iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa ne abin damuwa, amma tambayar ɗaya ce da ta Mailu-Su, wa zai kula da tarkacen bayan mai haƙa ya tafi. Muna kuma da abin bugun ƙirji. A Torodi ta Nijar akwai tashar sauraron motsin ƙasa, ɗaya daga cikin tashoshi sama da 300 na hukumar hana gwajin makaman nukiliya, tsarin da ya gano duk gwaje-gwajen Koriya ta Arewa 6. Ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, an cire mata yuraniyom mai ƙarfi a 2018 aka mayar da shi Sin. Afirka ta haramta wa kanta makaman nukiliya da Yarjejeniyar Pelindaba, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyar haramta su gaba ɗaya a 2020.

Wanda ya tsabtace gidansa haka yana da bakin magana. Kirana ga wakilan Najeriya da Nijar da Gana da sauran ƙasashenmu a taron hukumar makamashin nukiliya ta duniya a Biyana da zauren Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne su nemi kowace ƙasa mai makami ta kafa hukumar sa ido mai cin gashin kanta, ta sabunta lissafin girgizar ƙasa na wurarenta na soja, ta wallafa sakamakon, ta kuma ɗaure kanta da sanar da maƙwabta nan take idan wani abu ya fita. A gida kuma, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya da takwarorinta su tabbatar kowane ma'ajin sinadari da ke asibiti ko kamfanin mai yana cikin rajista, an san ɗakin da yake, kafin a fara zancen gina babbar tashar lantarki. Ku kuma 'yan'uwa masu sana'ar gwangwan da 'yan bola-jari, idan kuka ci karo da wani ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, rufaffe, mai alamar fukafukai uku irin na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ku fasa shi, kada ku kai shi gida, kada ku bar yara su taɓa. Ku matsa nesa, ku hana kowa kusanta, ku sanar da hukuma.